Sun ce mu sassauta a kan albashi a ba mu sababbin jirage: e za mu jefa ko a'a?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga wannan sana'a, musamman na nan Amurka. Kamfanin da nake tuƙa wa jirgin sama, ɗaya daga cikin ƙananan nan da ke yi wa babban kamfani jigilar gajeren zango, ya kawo wa ƙungiyarmu takarda. Kwantiraginsa da babban kamfanin ya kusa ƙarewa, kuma wai ba za a sabunta ba sai ya rage kashe kuɗi. Suna so a tsayar da ƙarin albashin da ake yi duk shekara, a ƙara abin da muke biya na inshorar lafiya, a kuma sassauta wasu ƙa'idojin ranakun hutu. Su kuma za su kawo sababbin jirage masu kujera 76. Shugabannin ƙungiya sun ce za su miƙo mana mu jefa ƙuri'a. Ni mataimakin kyaftin ne, ina can ƙasan jerin ma'aikata, bashin makarantar tuƙi yana wuyana, ga gida ana sa ido. In aka rage jirage, da ni za a fara. Zuciyata ta karkata ga e. Ku faɗa mini gaskiya don Allah.

Injiniya Kano: Wa alaikumus salam. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Bari masu abin su zo.

Baba Kyaftin: Wa alaikumus salam, yaro. Kafin ka jefa komai, ka nemi labarin Comair. Kamfani ne na Delta, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen Amurka, cibiyarsa Sinsinati, kuma a zamaninsa babu ƙaramin kamfanin da ya kai shi ƙima. A 2001 matuƙansa suka yi yajin aiki na kwana 89, suka fito da yarjejeniyar da ta fi ta kowa a ƙananan kamfanoni. A 2005 aka zo musu da irin wannan takarda taku: ku yarda a tsayar da ƙarin albashi, za a kawo jirage. Suka yarda. Shekarar ba ta ƙare ba Delta ta shiga kotun karayar arziki, Comair a cikinta, aka sake dawowa kansu aka yanki albashin. Sun bayar, sun sake bayarwa. Ranar 29 ga Satumba 2012 Delta ta rufe kamfanin. Mutanen da suka shekara ashirin a kujerar kyaftin suka koma neman aiki a matsayin sababbin mataimaka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, albashin da ka sallama ya tafi ke nan, yana rubuce a yarjejeniya har tsawon shekarun da aka sa. Jirgi kuwa ba na kamfaninku ba ne. Wanda ya kawo shi yau yana iya ɗauke shi gobe ya kai wa wani.

Abu Sadik: Ranka ya daɗe, ina girmama ka, amma rabin labarin ka ba shi. Me ya sa ba ka faɗa masa na American Eagle ba, wanda ya koma Envoy? A Maris 2014 matuƙansu kashi 70 cikin ɗari suka ce a'a, kowa yana tafa musu. Me ya biyo baya? Babban kamfaninsu, American, ta ɗauki jirage E175 guda 20 ta ba wani ƙaramin kamfani, Compass. Ta sanar da kwashe CRJ-700 guda 47 zuwa PSA, waɗanda tun 2013 matuƙansu suka amince da nasu sassaucin aka ba su sababbin CRJ-900 guda 30. Aka riƙa raba ƙananan jiragen Envoy ga wasu kamfanoni. A Disambar wannan shekarar dai matuƙan Envoy suka dawo suka sa hannu, kuma jirage 40 aka tabbatar musu, alhali a tayin farko 60 ne. To a'ar me ta haifa? Wanda ya shiga PSA a lokacin ya zama kyaftin cikin ɗan lokaci, abokinsa na Envoy yana nan a kujerar dama, ta mataimaki, yana ƙirga shekaru. Ɗan Samaru, da babu gara ba daɗi.

Yaya Hajjo: Malam Abu Sadik, duk abin da ka faɗa haka ya faru. Amma ka tsaya a 2014, alhali labarin ya ci gaba. Ina Compass ɗin da aka ba jirage 20 yau? An rufe ta a Afrilu 2020. Trans States ma a watan nan ta rufe. ExpressJet, wadda ta taɓa zama cikin mafi girma, United ta janye mata aiki ta ba CommutAir, ta tsaya a ƙarshen Satumba 2020. Envoy da ta ce a'a tana nan tana tashi. Ban ce a'ar ce ta cece ta ba, mallakar American ce, wannan ya fi komai tasiri. Abin da nake nunawa shi ne ƙuri'ar matuƙa ba ita ke raya ƙaramin kamfani ko kashe shi ba, duk da cewa da haka ake tsorata su kullum.

Ko Comair ɗin ma, a ina aka yanke hukuncinta? A 2012 Delta ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da nata matuƙan: a rage jirage masu kujera 50 sosai, a ƙara masu 76, a kawo Boeing 717 guda 88 da matuƙan Delta za su tuƙa da kansu. Comair tsofaffin masu kujera 50 ne suka fi yawa a hannunta. Babu matuƙin Comair ko ɗaya da ya jefa ƙuri'a a waccan yarjejeniya.

Ɗalibi a Zariya: Don Allah ku yi haƙuri manya, ni ina makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ban gane wani abu ba. Ta yaya kamfani zai zama ba shi ne mai jirginsa ba? Kuma in aikin ya lalace, me zai hana mutum ya koma wani kamfanin da gogewarsa?

Mai Lissafi: Ƙanena, bari in amsa ta farko, don fannina ne. Ka ɗauka kamar shatar mota. Babban kamfani shi ke sayar da tikiti, shi ke tsara inda za a je da lokacin tashi, fentinsa ne a jikin jirgi, galibi shi ke biyan kuɗin mai, sau da yawa ma jirgin nasa ne ya ba da aro. Ƙaramin kamfani ana biyansa ne bisa awowin da ya tashi da yawan tashin, ko jirgi ya cika ko bai cika ba. Fasinja yana ganin Delta Connection ko United Express ko American Eagle a rubuce, bai san sunan kamfanin da ke ɗauke da shi ba.

To in mai ba a hannunka yake ba, farashin tikiti ba a hannunka yake ba, jirgin kuma iri ɗaya ne da na abokin takararka, da me za ka karya farashi ka ci kwantiragi? Sai kuɗin ma'aikata. Shi ya sa kullum a kansu ake sauka. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: albashi yana hawa ne da shekarun aiki, don haka kamfanin da ya daɗe, ma'aikatansa suka tsufa a ciki, ya fi sabon kamfani tsada ko da teburin albashinsu ɗaya ne. Laifinsa kawai ya daɗe.

Baba Kyaftin: Ta biyun kuma ni zan amsa maka, ɗana. A Amurka komai na matuƙi yana rataye ne da ranar da aka ɗauke shi aiki a wannan kamfanin: albashinsa, garin da zai zauna, ranakun hutunsa, yaushe zai zama kyaftin, wa za a fara turawa gida in an rage. Ba a tafiya da wannan lamba wani wuri. Ko awa dubu goma sha biyar gare ka, in ka canza kamfani ƙasan jeri za ka koma, albashin shekarar farko, zaman jiran kira, wato ba ka da tsayayyen jadawali sai an neme ka. Wannan ita ce igiyar da aka ɗaure mu da ita, kuma masu kamfani sun san da ita sarai.

Injiniya Kano: To ni abin da ke ɗaure mini kai, ƙungiyar matuƙa kamar ALPA mai dubban mambobi, me ya hana ku ajiye aiki gaba ɗaya? A nan Najeriya ko a Agusta 2020, da Air Peace ta sallami matuƙa da dama, Bristow ma ta sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100, ai nan take NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama, ta fito da barazanar tsayar da aiki. Ku da kuke ƙasar da ake cewa akwai doka?

Yaya Hajjo: Injiniya, dokar ce ma ta hana. Ma'aikatan jiragen sama a Amurka suna ƙarƙashin dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926, wadda aka faɗaɗa ta haɗa da jiragen sama a 1936. A ƙarƙashinta yarjejeniya ba ta mutuwa, lokacin gyaranta kawai ke zuwa, ana ci gaba da aiki da tsohuwar har a gama sabuwa. Ba ku da ikon yajin aiki sai hukumar sasanci ta tarayya ta sake ku, kuma tana iya riƙe ku shekaru. In ta sake ku, sai an jira kwana 30. Bayan nan ma shugaban ƙasa yana iya shiga tsakani, kamar yadda Clinton ya tsayar da yajin matuƙan American a Fabrairu 1997 mintoci kaɗan da farawa. In kuka haɗa baki kuka riƙa cewa ba ku da lafiya, kotu ta ci ƙungiya tara mai nauyi.

Sannan ƙungiyar ɗaya ce a suna, amma kowane kamfani da reshensa da yarjejeniyarsa. Matuƙan PSA da na Envoy duk 'yan ALPA ne lokacin da aka gwara kawunansu. Matuƙan babban kamfanin ma sau da yawa 'yan ALPA ne, kuma su buƙatarsu ita ce kada ƙananan kamfanoni su girma, shi ya sa suka kafa wa jiragen ƙananan kamfanoni iyakar kujera 76 da nauyin fam 86,000. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke karewa, aikin da mu ma muke fatan samu.

Abu Sadik: Madalla, Hajiya, kin ƙarfafa maganata. Ba mu da yajin aiki, ba mu da haɗin kai tsakanin kamfanoni, to da me za a yi taurin kai? Kuma akwai abin da ya fi sassauci muni. In kamfani ya shiga kotun karayar arziki, sashe na 1113 na dokar karayar arziki ya ba shi damar roƙon alƙali ya soke yarjejeniyar ma'aikata. Pinnacle, wani ƙaramin kamfani da ke yi wa Delta jigila, ta shiga kotu a Afrilu 2012. A Janairu 2013 matuƙanta suka amince da ragin kashi 9 cikin ɗari. Kamfanin ya fito, ya zama na Delta, aka sa masa suna Endeavor, yana nan har yau, mutane da yawa sun bi ta cikinsa sun shiga Delta. Da sun ce a'a fa? Comair ta riga ta nuna musu abin da Delta za ta iya.

Ni na haura hamsin. Doka ta ce a 65 zan sauka daga kujera. Ba ni da shekarun da zan je in fara daga ƙasa a wani wuri, ga yara a jami'a. Masu cewa a ƙi, a bar kamfani ya rufe in zai rufe, yawanci ko sun riga sun tsallake ko suna da shekaru talatin a gabansu.

Baba Kyaftin: Abu Sadik, wannan magana taka ta taɓa ni, kuma ba zan raina ta ba. Na ga irinka da idona a ranar da aka rufe wani kamfani, dattawa suna kwashe kayansu daga ɗakin ma'aikata ba mai iya kallon wani. Amma waɗancan dattawan sun ba da duk abin da aka nema kafin ranar. Abin da ke ci mini rai ke nan. Da sassaucin yana sayen tsaro, ni zan fara ce wa yaron nan ya jefa e.

Mai Lissafi: Ku bar ni in shiga tsakani da lissafi. Pinnacle tana gaban alƙali, littattafanta a buɗe, kowa ya ga ramin. Kamfanin su Ɗan Samaru fa? Barazana ce kawai a takarda. ALPA tana da sashen masu nazarin kuɗi, aikinsu ke nan. Reshenku ya nemi a buɗe musu littattafai, ko da za su sa hannu kan riƙe sirri. In kamfani ya ƙi, ya ba ku amsa. In ya yarda, a duba abu biyu: nawa ne ainihin giɓin da ke tsakaninku da mai takara da ku, kuma kashi nawa na giɓin aka ɗora wa matuƙa, nawa aka ɗora wa manyan ofis da masu hannun jari. Ba kowane kukan kamfani ne ƙarya ba, wasu da gaske suna bakin rami. Amma ba a gane na gaskiya da jin zaƙin bakin manaja.

Ɗan Samaru: Na gode ƙwarai. Yallabai Mai Lissafi, a taron da aka yi da mu ba wanda ya ce an ga littattafai. Hotunan sababbin jirage aka nuna mana.

Yaya Hajjo: To ka ji. Ƙanena, bari in gaya maka abin da ya ɗaga albashin ƙananan kamfanoni, don ba ƙuri'ar e ba ce, ba kuma ta a'a ba. Kafin 2013 da awa 250 ana iya ɗaukar mutum mataimaki, masu nema sun yi yawa, ana biyan sabon shiga abin da bai fi dala dubu ashirin da 'yan kai ba a shekara. A Agusta 2013 dokar awa 1,500 ta fara aiki. A daidai lokacin kuma waɗanda aka ƙara wa shekarun ritaya daga 60 zuwa 65 a 2007 suka fara sauka. Matuƙa suka yi ƙaranci. Republic ta ajiye jirage a ƙasa don babu masu tuƙawa, har ta shiga kotun karayar arziki a Fabrairu 2016. Kamfanonin da suka rantse ba su da ko sisi suka fara raba kuɗin maraba ga sababbin shiga. A Yuni 2022 Piedmont da Envoy suka ɗaga kuɗin awa na sabon mataimaki daga dala 51 zuwa 90, ba yajin aiki, ba kotu. Kuɗin yana nan tun da can, a aljihun babban kamfani.

Don haka yarjejeniya mai tsawon shekaru ita ce haɗarin. In kasuwa ta juya ta dawo gare ku kuna ɗaure, sai abin da suka ga dama su ba ku, kuma za su ba sababbin shiga ne, ba ku ba.

Ɗalibi a Zariya: Anti, dala 90 a awa ai kuɗi ne masu yawa. In mutum ya yi awa takwas kullum fa?

Yaya Hajjo: Ba haka ake ƙirgawa ba. Agogon kuɗi yana fara bugawa ne in an rufe ƙofa jirgi ya motsa, ya tsaya in an isa. Duba jirgi kafin tashi, jiran fasinja, zaman filin jirgi tsakanin tashi da tashi, duk ba sa ciki. Abin da aka lamunce maka a wata bai wuce awa 75 ko kusa da haka ba, doka kuma ta hana wuce awa 1,000 a shekara. Kana iya yin awa goma sha biyu a bakin aiki a biya ka biyar. Shi ya sa ƙa'idojin aiki suka fi teburin albashi muhimmanci a wurin wanda ya san abin.

Injiniya Kano: Dokar awa 1,500 ɗin nan ba bayan haɗarin Bafalo aka yi ta ba? Na tuna an ce talauci da gajiya ne suka kashe mutanen.

Baba Kyaftin: Bayansa ne. Jirgin Colgan mai lamba 3407, 12 ga Fabrairu 2009, ya taso daga Nuwak zuwa Bafalo, mutum 50 suka rasu har da ɗaya a cikin gidan da ya faɗa wa. Amma mu faɗi abin yadda yake, Injiniya. Hukumar bincike ta ɗora musabbabin a kan yadda kyaftin ya amsa gargaɗin cewa gudun jirgi ya yi ƙasa, ya ja sitiyarin maimakon ya tura shi. Kuma shi da mataimakiyarsa dukansu sun haura awa 1,500. Sai dai binciken ya tona yadda ake rayuwa a ƙananan kamfanoni: mataimakiyar albashinta wajen dala 16,000 a shekara, tana zaune can Siyatul, ta kwana tana ratsa ƙasar a jiragen kaya don ta iso bakin aiki. Iyalan mamatan ne suka yi ta zarya majalisa har aka yi dokar 2010, daga baya aka sabunta ƙa'idojin hutu a 2014. Shi ya sa a cikin abubuwa ukun da aka nema wurin su Ɗan Samaru, na ranakun hutu ne ya fi tayar mini da hankali. Kuɗi ana mayar da shi. Mutumin da ya gaji a kujera da dare cikin ƙanƙara, wannan wani abu ne daban.

Abu Sadik: A kan hutu ba ni da ja, ranka ya daɗe, ko ni ba zan sa hannu a taɓa shi ba. Amma Hajiya, kada ki sa yaron nan ya ɗauka 2022 ce har yanzu. A 2024 manyan kamfanoni sun rage ɗaukan matuƙa sosai, jiragen Boeing ba sa isowa a kan lokaci, masu awa 1,500 suna zaune suna jiran kira watanni. In aka tura shi gida, ke za ki biya masa bashi?

Yaya Hajjo: Ba ni zan biya ba, Malam, shi ya sa ban ce masa ya jefa a'a ido rufe ba. Cewa nake e tana da farashi, kuma a rubuce ake karɓarsa. Ɗan Samaru, ka tashi a taro ka yi waɗannan tambayoyi da bakinka. Jiragen nan guda nawa ne, yaushe za su iso, kuma babban kamfanin ya sa hannu ko kamfaninku ne kaɗai ke alkawarin abin da ba nasa ba? Ƙari ne a kan waɗanda kuke da su, ko za a kawo goma a janye goma sha biyar? In ba su iso ranar da aka ce ba, ko aka kwashe su daga baya, albashi zai koma yadda yake da kansa har da biyan abin da aka cire? Akwai sharaɗin cewa ba za a tura kowa gida ba muddin sassaucin yana aiki? In sun ambaci wucewa kai tsaye zuwa babban kamfani, mutum nawa a wata, kuma wa ke da ikon dakatarwa? In amsoshin suna cikin yarjejeniya, ka jefa e da kwanciyar hankali, ni ma zan jefa. In a jawabin manaja kawai suke, babu su.

Abu Sadik: In aka tsaya sai an sami duk waɗannan, kwantiragin zai wuce a ba wani. Ni dai da a kamfaninku nake, in sun cire batun hutu, e zan jefa.

Baba Kyaftin: Ni kuma ko sun cire, in babu sharaɗin dawo da albashi, a'a ce.

Ɗan Samaru: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sake karanta takardar yanzu. Wurin jiragen cewa aka yi kamfani "yana sa ran" samunsu, ba adadi, ba rana, ba sa hannun babban kamfani. Wurin tsayar da ƙarin albashi kuwa har ranar farawa an rubuta. Yaya Hajjo, akwai wani sakin layi kan masu jiran kira da ban fahimta ba, kamar yana ba su damar mayar da ranar hutuna ranar aiki in sun sanar da ni da wuri.

Yaya Hajjo: Turo mini shafin ta akwatina, ka rufe sunan kamfanin. Ka haɗo da sashen tsohuwar yarjejeniya da yake son maye gurbinsa, sai an jera su biyun ake ganin abin da aka cire. Yau ina da tashin yamma, in na sauka zan duba.